Na jira aikin gwamnati, firigo ya ciyar da ni

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Damagaram ne, sana'ata gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ina da takardar lisans a fannin labarin ƙasa, tana nan kwance a ƙasan akwati. Duk lokacin da aka yi shela a rediyo cewa gwamnati ko wani furoje ya fito da sabon shirin sama wa matasa aiki, sai samarin unguwa su tsaya bakin rumfata su ce, "Maigida, mu kai takardu ko ɓata lokaci ne?" Ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Na shiga irin waɗannan shirye-shirye, wani ya kayar da ni, wani ya tashe ni, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same ni tun daga tushe.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne a kasuwar Dole. Ya daɗe a kan keke, kuma abin da ya lura da shi shi ne, cikin masu kawo masa ɗinki ma'aikacin gwamnati kaɗai ke biya ba jayayya in ƙarshen wata ya yi. Manomi sai kaka, ɗan kasuwa sai ya ja ka ya ja ka. Don haka ya ƙudura a ransa cewa ɗansa na fari ofis zai zauna. Bai taɓa bari na taka keken nan ba. In an tashi lakwal na zo rumfa na ɗauki almakashi, sai ya ce, "Ajiye, ba naka ba ne. Je ka ɗauki littafinka." Inna kuwa tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a gida, da ribarsu ake saya mini littafin rubutu da bik.

Shekarar da na samu bak, takardar gama sakandare, 2011, ita ce shekarar da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana. Jami'ar garinmu ma sabuwa ce fil, 2010 aka kafa ta, ba sai mun kwashi kaya zuwa Yamai ba. Ga sabuwar gwamnati ta zo da alkawarin guraben aiki 50,000 kowace shekara. Wallahi a lokacin mun ɗauka mu ne ƴan gata, komai saboda mu ake yin sa. Matatar mai kuwa injina ke aiki a cikinta, mutanen da take buƙata ƙwararru ne ƴan kaɗan. Waɗanda suka fi cin moriyarta a cikin talakawa su ne na kewayenta: direbobin tanki, makanikai, masu faci, masu gadi, matan da ke dafa abinci a inda motoci ke tsayawa. Babu wanda ya nuna mana wannan a aji.

Da na gama lisans sai na shiga sana'ar haɗa dosiye. Wanda bai yi ba, ba zai san cin kuɗinta ba. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin difloma, kowacce sai an buga mata hatimi an manna tambur. Ga takardar shari'a mai nuna ba ka taɓa laifi ba, wadda wata uku ke kashe ta, sai ka sake wata. Inna takan kwance bakin zane ta ƙirga mini kuɗin tambur, ta ce, "Allah Ya sa wannan ce mai rabo." Na yi rajista a ANPE, hukumar da aka kafa tun 1996 don haɗa mai neman aiki da mai ɗauka, na karɓi katina. Amma su ma abin da aka kawo musu shi za su raba, kuma kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikaci da takarda a Damagaram ba su taka kara sun karya ba. Na yi bautar ƙasa shekara biyu ina koyarwa a wani ƙauye wajen Magarya. Ranar da wa'adi ya cika aka yi mini godiya, na ɗaure katifata a bayan mota na dawo ɗakin da na baro.

A wannan tsakanin ciwo ya kwantar da Baba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka miƙo takardar magani a asibiti, dangi suka juyo suna dubana, ni babban ɗa mai karatu, aljihuna ko dala babu. Ƙanena da ya bar lakwal tun firamare ya kama wankin mota, shi ya zaro kuɗi ya biya. Baba yana kwance, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce mini, "Har yanzu ba su kira ba?" Na ce, "Sun ce an kusa, Baba." Ya gyaɗa kai. Bai ƙara wata guda ba Allah Ya karɓi abinsa.

Daga nan sai zaman fada. Shayi tun hantsi, na farko, na biyu, na uku, gardamar ƙwallo da ta siyasa har la'asar. Mutane na ganin zaman kashe wando ne, kuma haka ne, amma a can ne kaɗai ba mai tambayarka ina aiki. Wasu cikinmu suka faɗa ƙungiyoyin ƴan daba da ake kira ƴan fale, wasu suka kama hanyar Agadas zuwa Libiya, duk da dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ta sa hanyar ta ƙara tsada da haɗari. Ni ma na fara tara kuɗin mota. Da Inna ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta tuna mini mutum 92 ɗin nan, yawancinsu mata da yara na wajen Kance, da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013, sannan ta ce, "Ubanka ya tafi. In kai ma ka tafi, wa zai rufe ni?" Na fasa.

Wani maƙwabci ya ba ni moto ina kabu-kabu, ina kai masa nasa kullum da dare. Nakan naɗe fuska da rawani, ba don ƙura kaɗai ba, don kada wani tsohon ɗalibina ya gane Mushe, wato malaminsa, ne ya ɗauko shi. A Disamban 2018 aka yi bikin Zinder Sabuwa, na cika shekara 60 da kafa Jamhuriya. Gari ya cika da baƙi, masaukai suka cika, masu abinci, masu wanki da guga, masu aski, mu ƴan kabu-kabu, kowa ya samu. Ban taɓa riƙe kuɗi irin na kwanakin nan ba. Baƙi na watsewa ciniki ya koma inda yake.

Farkon 2019 sunana ya fito a wani shiri na koya wa masu difloma sana'a. Ba zan ambaci shirin ba. An zaɓa mana aikin kwamfuta da buga takardu, aka yi mana horo na ƴan makonni, ana ba mu kuɗin mota kullum. Ranar rufewa aka cika zaure da manyan baƙi, aka yi jawabai, aka ɗauki hoto kowa rungume da kwalinsa: kwamfuta ɗaya da injin buga takarda. A bakin ƙofa ƴan kasuwa na tsaye suna jira, kuma kafin magariba wasu sun sayar da nasu. Ba na zaginsu. Na san wanda bashin haya ya yi wa katutu, na san wanda matarsa ke kan gwiwa. Ni dai na ranci kuɗi wurin kawuna na kama shago kusa da wata makaranta.

Wata biyu na farko na ɗan ga haske. Sai ga abokan horona ɗaya bayan ɗaya suna buɗewa a layin nan, don duk tunaninmu ɗaya ne, inda ɗalibai suke nan kasuwa take. Muka yi ta karya wa juna farashi har shafi ɗaya ya koma ba ya biyan tawadarsa. Masu karɓar haraji kuwa ba su makara ba, sun riga ciniki zuwa. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, mu kuma tawada da takarda da kayan gyara daga Kano suke zuwa mana. Ana cikin haka, Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu. Na zauna a shago tun safe har yamma ba wanda ya leƙo. Ƙarshe na sayar da injin na biya mai shago, bashin kawu ya rage a wuyana.

Tun ranar hoton nan ban sake ganin ko mutum ɗaya daga shirin ba. Sai bayan shagon ya mutu wani ya kira ni a salula, ya ce yana tabbatar da sunayen waɗanda suka samu aiki ta dalilinsu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai na rufe." Ya yi shiru, sannan ya ce a takardar da ke gabansa babu wurin rubuta wannan. Ina kyautata zaton har yau ina cikin lissafin guraben aikin da aka samar.

Lokacin nan ne na fi shiga duhu. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, in na ji sallama sai gabana ya faɗi, ina tsammanin mai bin bashi ne. Gidan da na nemi aure suka aiko da cewa in yi haƙuri. Na daina zuwa fada, masallaci ma sai in tsaya sahun baya in fice kafin a shafa. Ina faɗin wannan ne don iyaye su sani: in kuka ga yaro mai karatu ya yi shiru ya shige ɗaki, ba lalaci ba ne kullum, wani lokaci kunya ce ke cin sa da rai.

Akwai wani dattijo mai gyaran firigo a bayan layinmu, aminin Baba ne. A Kano ya koyi aikin tun yana saurayi, bai taɓa shiga aji ba. Wata rana ya aiko a kira ni in kama masa wani firigo a ɗora a amalanke. Da muka sauke ya ce, "Mushe, an kawo mini takarda, wai asusun koyar da sana'a na FAFPA zai ɗauki nauyin yaran da za su koyi aiki a hannuna, rabi a rumfa rabi a aji. Ni ban iya cike takarda ba. Cike mini, in ka ga dama ka sa sunanka." Na kwana ina juyayi. Maganar Baba ta "ba naka ba ne" tana kunnena. Da safe na gaya wa Inna, ta ce, "Ubanka rufin asiri ya nema maka, ba kujera ba. Je ka."

Wannan karon babu zaure, babu kwali. Akwai maigida, akwai ciniki yana shigowa, kuma ana zuwa a duba ko muna zuwa aiki. A aji aka koya mana yadda gas ke zagayawa, yana ɗebe zafi daga ciki yana zubarwa a waje, da lissafin wuta. A rumfa kuwa shara na fara yi, da ɗaukar akwatin kaya a bayan yaran da na girme su nesa ba kusa ba. Suna kirana Malam mai lisans. Da farko yana yi mini zafi, daga baya na saba har ina amsawa.

Aikin da ba na mantawa shi ne na azumin 2021, tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40. Wata bazawara a Garin Malam ta aiko, firigonta na ƙanƙara ya daina sanyi. Da shi take yin ƙanƙara da zoɓo da lamurje, da shi take ciyar da marayunta, kuma wani ya riga ya ce mata injin ya mutu sai sabo. Mun tarar da ita zaune kusa da shi, ledoji sun narke, ruwa ya malale a tsakar ɗaki. Maigida bai ce komai ba. Ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya kara kunne. Ya ce, "Yana da rai." Ya sa na kaɗa ruwan sabulu, muka bi bututun tagulla muna shafawa, har muka iso wata gaɓa da tsatsa ta ci, kumfa ya fara tasowa. Nan gas ke zurarewa. Ya yanke wurin, ya hura wuta ya yi walda, ya canza matacin, muka zuƙe iskar da ke ciki, sannan ya miƙo mini agogon auna gas ya ce in cika da kaina. Hannuna na rawa. Bayan ɗan lokaci raɓa ta fara kama bangon ciki, matar ta sa hannu ta taɓa, ta ce, "Alhamdu lillahi, Baba, Allah Ya raya zuri'a." Ta ɗauko gwangwani ta juye silalla, ta ce saura sai bayan salla. Maigida ya ce ba komai.

A hanya ya ce mini, "Lissafa mini, tunda kai ne mai karatu. Mutum nawa ke ci a cikin akwatin nan?" Na fara: ita da ƴaƴanta, yaran da ke kai ƙanƙara bakin titi, mai sayar mata da zoɓo, mai sukari, mai leda, mai kawo ruwa, mu. Ya ce, "To, in wuta ta ɗauke duk mun kwana da yunwa."

Ashe maganar tana tafe. Da ya yaye ni na kama rumfata, na yi rajistar kasuwanci na karɓi lambar haraji da ake kira NIF. A nan dole in yaba, an sauƙaƙa wannan hanyar ƙwarai, kuma lambar ta buɗe mini ƙofofi, domin kantin magani ko masauki ko ƙungiya ba sa ba ka aiki in ba za ka iya ba su rasit mai lamba ba. Ina cikin murmurewa aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sha. Firigo ba ya aiki balle ya lalace. Matan ƙanƙara suka zauna, masu walda, masu niƙa, masu aski da inji, masu cajin salula, duka. In wutar ta zo kuma da ƙarfinta take zuwa ta ƙone injina, ga iyaka a rufe, kayan gyara sai ta ɓarauniyar hanya da tsadar tsiya. Abin da ya cece ni shi ne ɗan lissafin wutar da na koya a aji: na koma haɗa faifan hasken rana da batir ga masu hali. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta ɗauki kowa aiki. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta haura mutum miliyan uku da rabi, ta fi kowace jiha yawa, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Babu baitulmalin da zai biya wannan albashi. Yawancin yaran birni a irin sana'o'inmu za su ƙare, sufuri, gyare-gyare, abinci, aika kuɗi, kiwon lafiya, ciniki. Gaskiya ne da hukumomi ke cewa nan ne mafita. Inda muke rabuwa da su shi ne, su suna ganin an samar da aiki ranar da aka miƙa kaya, ni kuwa na ga aiki ba ya tsayawa sai akwai mai biya. Mai biyan nan a Damagaram, in ka bi diddigi, manomi ne da makiyayi. Shekarar da gero da wake da riɗi suka yi kyau, ana aure, ana sayen firigon amarya, ana kirana. Shekarar da damina ta gaza, ko ni da ban da gona sai na ji a jikina. Ka ba saurayi kayan sana'a ba wuta tsayayya, ba hanyar Kano a buɗe, ba kuɗi a hannun jama'a, kamar ka ba shi guga ne ba ka nuna masa rijiya ba.

Shi ya sa rage kuɗin man fetur da aka yi a Yulin 2024, daga sefa 540 zuwa 499 lita, a ganina ya fi amfanar ɗan kabu-kabu a kan taron raba takardar shaida. An kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 42,000, abu ne mai kyau, sai dai bai iso rumfunanmu ba, domin a nan ba albashi ake yi ba, abin da aka samu a yini shi ake rabawa. Da za a tambaye ni, sai in ce kafin a zaɓi sana'ar da za a koyar a zagaya wurin masu sana'a a ji ina hannu ya yi kaɗan. Ƙanwata tana cikin matan da aka ba keken ɗinki, a unguwar da kusan kowane gida akwai keke, alhali mai gyaran famfon rijiyar burtsatse ko mai haɗa hasken rana sai an yi ta cigiya. A ɗaga wa sabon shago ƙafa kan haraji har ya tsaya da ƙafafunsa. Banki kuma ya daina tambayar takardar fili wurin yaron da ko ɗakin kansa ba shi da shi. Sannan a dawo bayan shekara a ga wa ke buɗe, wa ya rufe, a rubuta gaskiya.

Yau na yi aure, na biya kawu, Inna na wurina. Ba arziki na yi ba, lokacin sanyi ciniki kan yi ƙasa har sai mun haɗa da gyaran fanka da injin niƙa. Ina da yara masu koyo, akwai mai bak a cikinsu, akwai wanda ya fito daga ƴan fale da tabon wuƙa a hannu, kuma shi ya fi kowa iya walda. Babbansu ya isa yaye. Na hana shi buɗewa a layina ko a cikin gari inda muka yi yawa. Mun je mun duba Mirya da Tanut, mun tambayi masu kantin magani da masu sayar da sanyi wa ke yi musu gyara. Abin da ya tsayar da mu yanzu injin zuƙe iska ne da agogon gas da tukunyar walda, kuɗinsu ya fi ƙarfinsa. Mun shiga adashi da wasu masu gyara, ɗaukarsa za ta faɗo kafin bazara, kuma in Allah Ya kai mu tare za mu je Kano ya zaɓi kayansa da hannunsa.